Kaza a Jikin Leda

Sha ɗayan dare a Jidda,
gumin teku bai bar gari ba.
Mota goma sha bakwai na wanke yau,
yatsuna sun yamutse kamar busasshen dabino.

Na biya kantin Muniru ɗan Bangal,
bai ko ɗago kai ba,
ya san abin da ke tafe da ni:
indomi biyu, ƙwai ɗaya,
albasa idan wata bai yi nisa ba.
Rubuta, Muniru.
Ya rubuta. Littafin bashinsa ya fi ni ƙiba.

Ɗakinmu can ƙuryar sama, hawa huɗu,
mu uku, murhu ɗaya,
da tukunya mai kunne guda
da muka gada wurin wani Bazabarme,
ya koma gida bai waiwaye ta ba.

Ruwa kaɗan, nan sirrin yake.
Wanda ya cika ruwa, kunu ya dama.
Ka bari ya tafasa har ya fara gunaguni,
ka karya ta, ƙas,
kamar karan dawa a kaka,
ka sake ta ciki.
Takan shiga a murɗe, a ƙanƙame,
kamar baƙon da jirgi ya sauke yanzu.
Minti uku ta saki jiki.
Ni sai da na shekara biyu na saki nawa.

Sallau ba ya karya tasa,
wai ba a karya abin da bai yi laifi ba.
Shi ko Barau ɗan Gadarif,
Bahaushen da bai taɓa ganin Kano ba,
tunkuza yake dama mata,
da jan barkono da lemon tsami,
wai haka ake yi a Sudan.
Wata guda muna yi masa dariya.
Yanzu idan ya juya baya
ni ke lashe cokalinsa.

Nawa gatan yaji ne.
Inna ta daka da hannunta,
citta, masoro, ƙuliƙuli,
ta ƙulle a leda uku ta ba wani mai zuwa Umara.
Da can da cokali nake zubawa.
Yanzu da bakin wuƙa nake ɗiba,
ina ƙirga kwanakin kwalbar
kamar mai jiran albashi.

Sai ƙwai. Fasa shi a bisa, rufe,
kada ka juya, kada ka leƙa.
Haƙurin minti ɗaya,
kuma shi ne mafi tsawo a yinin.

Muka fito rufin bene da tukunyar,
ba faranti, wa zai wanke?
Fitilun jiragen ruwa na can jere a tasha,
tururi na dukan fuska,
hanci na zuba, ba mai magana.
Mai cin zafi ba ya gaisuwa.

Sai waya ta yi ƙara. Inna.
Ta tambayi aiki, ta tambayi zafi,
ta ce kuɗin sun iso,
an rufe ɗakin da ke yoyo,
Hansatu ta koma makaranta da sabon takalmi.
Sannan ta kawo tambayar kullum:
Me ka ci?

Na dubi ledar da ke gefen ƙafata.
Ga ta nan a zane, jajawur, an ƙawata ta,
cinyar da ba ta taɓa shiga tukunyarmu ba.
Na ce, kaza, Inna.
Ta ce, madalla, ka ci ka ƙoshi.
Sallau ya ƙware don dariya,
Barau na bubbuga masa baya.

Ban yi ƙarya ba, Allah na gani,
haka aka rubuta a jiki.
Kuma na ƙoshi.

Saura romo a gindin tukunya.
Mun yagi gurasar jiya,
hannu uku a ciki,
kowa na cewa yau ba shi ke wanki ba.